Malamin Annoba Shi Ne Mai Gadin Kasuwa

Jama'a, yau za mu yi magana kan wasu ma'aikata da talaka bai cika ganinsu ba, alhali lafiyarsa, bayan Allah, tana hannunsu. Su ne malaman ilmin annoba na jami'o'i, watau masu binciken inda ciwo ya ɓullo, da hanyar da yake bi, da waɗanda yake kamawa. Likitan asibiti mutum ɗaya yake dubawa, malamin annoba kuwa gari guda.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. In kwalara ta shigo gari ba a gidan minista take sauka ba. Ɗan garuwa da mai fura da mai tuwo su ke fara kwanciya, kasuwa ta mutu. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara. Sai da masu bincike suka bi gida gida suna auna jini da ƙasa, sannan aka tabbatar gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida.

To, masu irin wannan bincike ba daga sama suke faɗowa ba, malami ne ke koya musu. Kafin mutum ya zama malamin nan sai ya yi digiri, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku, sannan ya hau matakala daga ƙaramin malami har farfesa. Ƙarin girma kuwa ya fi rataya a kan yawan takardun da ya buga a mujallun masana. Wanda ya yi damina a ƙauye yana duba rijiyoyi, ladarsa kaɗan ce.

Yaya mahukunta suka riƙe su? A 2022 malaman jami'a suka yi wata 8 suna yajin aiki, aka tsare albashinsu. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Ina mamaki in malami ya ɗaure kayansa ya nufi Ingila ko Amurka? Mu muka raine shi da harajinmu, wasu ke morarsa!

Abu uku muke nema. A biya malaman nan albashin da zai riƙe su, a kan kari. A ba su kuɗin bincike daga baitulmalinmu, don su binciki ciwon da ke kashe mu. A sa aikin ƙauye da na kasuwa cikin ma'aunin ƙarin girma, kuma abin da suka gano a faɗa mana da Hausa.

Mu ma da namu aikin. In ɗalibansu sun zo rumfa da takardar tambaya, kada mu ɗauke su masu haraji, mu gaya musu gaskiya. Duk mai neman ƙuri'armu kuma, mu tambaye shi nawa ya tanada wa masu gadin lafiyarmu. Ba a fafe gora ran tafiya.