Hunturu ya kama: a bar wa ɗakunan kwana hanyar iska

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana mutanen ƙasar Daura kan wata matsala da ke zuwa da hunturu duk shekara, wadda ba a cika maganarta ba sai ta yi ɓarna. Ni tsohon duba-gari ne. Na ajiye aiki, amma har gobe duk ɗakin da na shiga taga nake fara dubawa.

Duk wanda ya kwana a Daura, ko Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, a watan Disamba ko Janairu, ya san sanyinmu ba na wasa ba ne. Iskar da ke gangarowa daga Nijar ta Kongolam ba ta tsayawa sallama, ga ƙura, ga kaushi, alwalar asuba sai mai ƙarfin hali. Saboda haka ba na ganin laifin wanda ya nemi ɗumi. Rigimata da rufaffen ɗaki take, ɗakin da aka toshe ko'ina, aka kunna wuta a ciki, sannan aka ja bargo.

Kakanninmu ma sun ji ɗumi da wuta, wani zai ce, me ya sa ba su ƙare ba? Amsar tana jikin ginin. Ɗakin ƙasa bangonsa kauri gare shi, yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, don haka ba ya buƙatar wuta mai yawa. Magina kan bar 'yan ƙananan kafofi a saman bango. Ɗakin ciyawa kuwa ta ko'ina iska take ratsa shi, ƙofar ma tufaniya ce ko asabari. Yau mun koma bulo da siminti da kwano, waɗanda ke ɗaukar sanyi da zarar rana ta faɗi. Mun sa silin, mun sa tagogin gilas masu zamewa, mun sa ƙofar ƙarfe da ke rufuwa ruf. Ɗakin ya fi sanyi, ya kuma fi toshewa, amma kaskon nan na da shi muka kawo ciki.

Makamashin ma ya sauya. A watan Maris na 2021 marigayi Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa iskar gas a Nijeriya. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace ya yi nisa, gawayi ma kuɗi ne. Yanzu da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga shagon ɗura gas ba, kuma 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6 ta shiga kayan ɗakin amarya. Wannan ci gaba ne, ina murna da shi, ko don idanun mata da 'yan itatuwan da suka rage mana. Sai dai tukunyar ta shigo gida ba tare da iliminta ba. Mutane sun ɗauka tunda gas ba ya hayaƙi, to babu abin tsoro. Ka ga matashi ya kunna kan girki a tsakar ɗaki don ya ji ɗumi, wani har ya kifa tayil ko faifan ƙarfe a kai wai zafin ya bazu. Masu hali kuma sun fara sayen hita mai amfani da gas, wasu na gwanjo, babu takardar bayani, babu wanda ya duba lafiyarta.

Ga yadda abin yake. Kowace wuta, ta itace ce ko gawayi ko kananzir ko gas, iskar da muke shaƙa take ci. Kusan kashi 21 cikin 100 na iska shi ne oksijin, kuma shi wuta ke buƙata kamar yadda huhu ke buƙatarsa. Idan ɗaki a rufe yake, oksijin ya fara raguwa, sai ƙonewar ta kasa cika, wutar ta riƙa fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu. Mai barci ba ya farkawa, domin gubar da kanta ƙara masa nauyin barci take. Wanda ya farka kuma sau da yawa yana ganin ƙofa amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

A nan ne wata tsohuwar dabara take yaudararmu. Mata kan hura gawayi a tsakar gida, su jira hayaƙin ya ƙare, garwashi ya yi jajir, sannan su shiga da kaskon ɗaki, a ganinsu sharrin ya fita. Hayaƙin da ake gani ne ya fita. Garwashin da ya yi ja yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka. Gas kuma da harshensa ake gane shi: in shuɗi ne tsaf, yana ƙonewa daidai, in ya koma rawaya ko ja, yana baƙanta gindin tukunya, to kan ya toshe ko iska ta gaza. Wannan tayil da ake kifawa a kan wuta ƙara shaƙe ta yake yi. In ka ga gilashin taga yana zufa daga ciki alhali hita na kunne, ɗakin ba ya samun sabuwar iska.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗakin mai jego. A hunturun bara na je barka a wani ƙauye da ke gabas da mu, aka yi mini iso don in yi wa jariri addu'a. An cusa buhu da tsumma a taga, an shimfiɗa tsohon zani a ƙasan ƙofa, labule biyu. Kasko ɗaya na gindin gado, na turaren wuta na bakin madubi, mata cike da ɗakin. Mai jegon ta ɗaure kai da kallabi tamau, tana cewa tun shekaranjiya kanta ke sarawa. Kakar yaron ta ce ai jego ne, kunun kanwa zai sauke shi. Na ce, “Iya, a yi mini alfarma a cire buhun nan, a fitar da kasko ɗaya.” Ta dube ni ta ce, “Malam, so kake sanyi ya kama mini jika?” Ban ga laifinta ba, ƙauna ce ta sa. Amma jariri ya fi babba saurin numfashi, shi ya fi kowa kwasar abin da ke ɗakin, kuma ba shi da bakin da zai ce kansa na ciwo. Mai ciki ma haka, ɗan da ke cikinta ya fi ta jin jiki. Jariri ɗumin jikin uwarsa da hula da safa da tawul sun fi masa kasko amfani.

Sai masu kiwon kaji, sana'ar da ta bunƙasa a garin nan. 'Yan tsaki na son ɗumi a makonnin farko, don haka ake zagaye ɗakinsu da leda ko tamfol, a sa murhun gawayi ko fitilar gas ta kwana tana ci. Sannan a ce wa yaron gida ya shimfiɗa tabarma a ciki don ya riƙa duba wuta. In an wayi gari tsaki sun zube, sai a ce cuta ce ta shigo, a tafi neman magani, ba wanda ya tambayi yaron yadda ya kwana. Haka masu gadi a 'yan ɗakunansu na bakin ƙofa, da direbobin da ke kwana a mota a rufe gilas inji na aiki, da almajiran da ke shiga da garwashi cikin shago. Ɗalibai ma sun ƙaru tun da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, kuma da yawansu ɗaki ɗaya suke haya a cikin gari, nan ne kicin, nan ne wurin kwana. Janareta kuwa ba sai na ja magana ba: ana shigar da shi zaure ko baranda don tsoron ɓarawo, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Abin da ke ɓoye wannan matsala a wurinmu shi ne kamanninta da zazzaɓi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kowa sai ya ce maleriya ce, a aika kemis. In abin ya yi tsanani, mutum ya fara sambatu ko ya suma, sai a ce iska ce ta taɓa shi. In kuma aka wayi gari an rasa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, sai zargi ya koma kan tuwon dare, daga nan ya koma kan kishiya ko maƙwabciya, a raba zumunci a kan abin da kasko ya aikata. Mu kuma ba mu jinkirta jana'iza, ba a cika binciken gawa ba, sai maganar ta bi mamaci. Alamar da nake so kowane magidanci ya riƙe ita ce: in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, suka ji sauƙi bayan sun fita waje, ciwon ya dawo da dare, to a binciki wutar da ke ɗakin.

In aka tarar da mutum ya galabaita, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da shi sarari, a kashe wutar, a nufi asibiti ko da ya farfaɗo. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa manja ko madara, shaƙe shi za a yi. A gaya wa likita cewa da kasko ko gas ko janareta aka kwana, domin maganin oksijin ne. Da iskar waje kawai, jini kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Ga ƙannena ma'aikatan lafiya, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance wannan guba da oksijin, tana iya nuna lafiya lau alhali mutum na cikin haɗari.

Yoyon tukunya wani babi ne daban. Shi yana da wari, don da gangan ake zuba wa gas sinadari mai ɗoyi. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci a tabarma. In an ji warin kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunya, a buɗe ko'ina. Ana gwada tiyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Ba mu kaɗai abin ke damu ba. A Amurka, da duk ci gabansu, sama da mutum 400 gubar kabon monoksaid ke kashewa a shekara. A Disamban 2024 an tarar da gawar mutum 12 a saman wani gidan abinci a Gudauri ta ƙasar Jojiya, 11 daga cikinsu Indiyawa, bayan an kunna janareta a cikin gini. Aljeriya, inda hitar gas ta zama ruwan dare, a farkon 2023 gwamnati ta umarci kamfanin Sonelgaz ya saka wa gidaje na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, kyauta. Ban ce gwamnatin Katsina ta raba wa kowa ba, na san aljihun. Amma na'urar da batir take aiki, kuma wanda ya iya sayen hita ko janareta zai iya sayenta. Ya kamata ta zama dole a ɗakunan kwanan ɗalibai da otal-otal.

Masu cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare, gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana haka shi ya fara yi mana gargaɗi. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar da ya hana barin wuta a gida lokacin barci, akwai kuma na Abu Musa kan wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Limamanmu sun fi ni sanin wannan. Huɗuba ɗaya a farkon sanyi za ta kai inda duba-gari ɗari ba za su kai ba.

Abin da ake nema ba kuɗi yake ci ba. A ɗumama ɗaki kafin a kwanta, sannan a fitar da kasko, a kashe gas daga kan tukunya. Muddin wuta na ci, taga ta kasance a buɗe ko da faɗin tafin hannu, a kuma bar wata kafa ta ɗaya gefen don iska ta ratsa. Kan girki na girki ne. Magina su dawo da kafar saman bango da suka daina bari, masu gidan haya su daina gina ɗakin da tagarsa ɗaya ke kallon katangar maƙwabci.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, ya sa hakimai da dagatai da masu unguwanni su yi shela tun kafin sanyi ya tsananta, kamar yadda ake yi lokacin rigakafi. Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su faɗa wa iyaye mata, su faɗa wa kakanni musamman, don su ke da iko da ɗakin jego. Gidajen rediyo su ba maganar minti biyar bayan labarai. Ku kuma masu shagon gas, kun fi kowa ganin masu tukunya, duk wanda ya zo ɗuri ku gaya masa kada ya kwana da wuta a rufaffen ɗaki. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya. Wassalam.

Naka,
Tsohon duba-gari,
Daura, Jihar Katsina.