Kofin zakarun mata na Afirka: me ya sa kulob-kulob ɗin Nijar ke tsayawa a matakin shiyya?

Tun da hukumar CAF ta fara gudanar da gasar zakarun kulob-kulob na mata a 2021, babu kulob ɗin Nijar da ya kai babbar gasar. Duk wanda ya dubi yadda aka tsara wasannin share fage ba zai yi mamaki ba.

Kulob takwas ne ke buga babbar gasar: mai riƙe da kofi, wakilin ƙasar da ke karɓar baƙunci, sai zakara ɗaya daga kowace shiyya cikin shiyyoyi shida na nahiyar. Nijar tana shiyyar UFOA-B tare da Najeriya, Ghana, Kodebuwa, Burkina Faso, Benin da Togo. Ƙasashe bakwai ke nan suna neman gurbi ɗaya, kuma a cikinsu akwai Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa lashe kofin Afirka na mata.

Sakamakon ya nuna haka. Hasaacas Ladies ta Ghana ce ta lashe gasar shiyyar a 2021, Bayelsa Queens ta Najeriya a 2022, Ampem Darkoa ta Ghana a 2023, sai Edo Queens ta Najeriya a 2024. AS Police ta Yamai, da ta wakilci Nijar a Abijan a 2021, ta faɗa rukuni ɗaya da Hasaacas da Rivers Angels, su biyun da suka buga wasan ƙarshe. Ita kuwa Hasaacas sai da ta kai wasan ƙarshe na nahiyar a Alƙahira, kafin Mamelodi Sundowns ta doke ta.

Duk da haka tsarin shiyya ba zalunci ba ne ga ƙaramin kulob. Ana tara kowa a ƙasa ɗaya na kusan mako biyu, tafiya ɗaya ce, masauki ɗaya. Da irin tsarin maza ake bi, gida da waje, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya sa wasu su janye.

Matsalar tana gida. Ƴan wasan Najeriya da Ghana suna isa gasar bayan watanni suna fafatawa a gasar ƙasarsu, alhali a Nijar ƙwallon mata ya fi tsayawa a Yamai, hannun kulob-kulob na jami'an tsaro. Yarinyar da ke buga tamaula a Maraɗi ko Damagaram, ko iyaye sun bari, da wuya ta sami gasar da za ta goge a ciki.

Akwai ƙofar da FENIFOOT za ta iya amfani da ita: dokar lasisin CAF ta wajabta wa duk kulob ɗin maza mai son buga gasar nahiya ya mallaki ƙungiyar mata. In hukumar ta tsaya kan cewa ƙungiyoyin nan su riƙa buga wasa, ba suna kawai a takarda ba, wakiliyar Nijar za ta je shiyya da wasanni a ƙafarta.