Abin Da Ya Sa Kujeru Ke Zama Wayam A Manyan Makarantun Gwamnati

A watan Agusta na shekarar 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta tsai da shawarar dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejoji na Gwamnatin Tarayya har tsawon shekara bakwai. Da yake bayyana dalilin haka, Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ce a shekarar da ta gabaci wannan akwai jami'o'i 199 waɗanda ɗaliban da suka neme su ta hannun hukumar JAMB ba su kai ɗari ba a kowace ɗaya, kuma 34 daga cikinsu ko mutum ɗaya bai neme su ba. Haka nan kwalejojin horon malamai 64 ba su sami mai nema ko guda ba. Har ila yau Ministan ya kawo misalin wata jami'ar Tarayya a Arewa mai ma'aikata 1,200, alhali ɗalibanta ba su cika 800 ba.

Wannan bayani ya zo wa jama'a da ba-zata, domin abin da aka saba ji shi ne kukan ƙarancin gurabe. Yara kusan miliyan biyu ne ke zama jarrabawar JAMB a shekarun baya-bayan nan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, takan mai da dubban masu nema gida kowace shekara saboda ba ta da inda za ta sa su. To, ta yaya za a ce ana turereniya a wata ƙofa, wata kuwa tana buɗe babu mai shiga?

A wasu ƙasashe amsar ba ta da wuya. A Koriya ta Kudu da Japan haihuwa ce ta ja baya, har ya zama samarin da suka isa shiga jami'a ba su kai yawan kujerun da aka tanada ba. A shekarar 2023 fiye da rabin jami'o'in Japan masu zaman kansu sun kasa cika adadin ɗaliban da aka yardar musu, a Koriya kuwa jami'o'in larduna ne suka fi jin jiki domin kowa ya nufi babban birni. Amma duk wanda ya san ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ya san ba a ƙarancin yara a nan. A Gubuchi da Hunkuyi da sauran garuruwan yankin, samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna nan birjik, wasu a gonar rake, wasu a kan babur suna acaɓa, wasu an ɗaura musu aure. Ashe ke nan mutanen da za su cika kujerun suna nan. Hanyar da za ta kai su ce ta toshe, kuma ya kamata a duba wuraren da ta toshe ɗaya bayan ɗaya.

Wuri na farko shi ne kuɗi. An kafa Jami'ar Jihar Kaduna a shekarar 2004, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, musamman domin 'ya'yan jihar da ba su sami shiga jami'o'in Tarayya ba su sami mafaka a gida. A shekarar 2021 Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin makarantar daga abin da bai kai Naira 30,000 ba a yawancin fannoni zuwa Naira 150,000 mafi ƙaranci ga ɗan jiha. Hujjar Gwamnati ita ce kuɗin da ake biya a da ba ya ɗaukar ko kaɗan daga nauyin tafiyar da jami'a, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a wancan lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne, wato kuɗin shekara ɗaya na ɗalibi ɗaya ya kai albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci. Ɗalibai sun yi zanga-zanga, ƙungiyar malaman jami'ar ta yi gargaɗi cewa da yawa za su bar karatu.

A watan Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya sanar da ragi, yana mai kafa hujja da koke-koken jama'a da kuma illar da tsadar ta yi wa shiga makaranta da ci gaba da zama a cikinta. Kuɗin Jami'ar Jiha ya sauka daga Naira 150,000 zuwa 105,000. Na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya daga 100,000 zuwa 50,000. Na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Ita ma Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi an rage mata kashi 30 cikin ɗari. Wannan mataki ne abin yabo, kuma shaida ce daga bakin hukuma kanta cewa tsada tana korar ɗalibai. Amma ragin ya zo ne wata uku bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na wannan shekara, lokacin da kuɗin mota da na abinci da na hayar ɗaki suka yi tashin gwauron zabo. Ga manomin da ke Gubuchi, kuɗin rajista ɓangare ne kawai na lissafi. Kuɗinsa yana shigowa ne da kaka ko lokacin saran rake da girbin tumatir, makaranta kuwa tana neman nata a ranar da ta tsayar, ba ruwanta da ko amfani ya yi daraja a kasuwa. Magidancin da ke da 'ya'ya uku da suka isa karatu, dole ya zaɓi ɗaya, kuma kowa ya san ba kasafai zaɓin ke faɗawa kan 'ya mace ba.

Wuri na biyu shi ne tsaro. A watan Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, a bayan garin Kaduna. A watan Yuni na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka tafi da ɗalibai da malamai. Ko da yake ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan ba ta sha azabar da Birnin Gwari da Giwa suka sha ba, labari ya kai kowane zaure. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Uban da ya ji yadda wasu iyaye suka sai da gona da gida domin fansar 'ya'yansu, ba a rana ɗaya za a shawo kansa ya tura 'yarsa ɗakin kwanan ɗalibai ba, ko da an sami sauƙi daga baya.

Wuri na uku shi ne ita kanta ƙofar shiga. Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma daga 2021 sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa ke iya yin rajista. Waɗannan matakai sun rage maguɗi ƙwarai, ba mai musun haka. Amma yaron da ya gama sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauye bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, za a zaunar da shi ne tare da ɗan birni da ya tashi da ita. Kafin nan kuma sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, a makarantar da wataƙila malamin Turanci ko na kimiyya ɗaya ne ke zagaya dukan azuzuwa. Bugu da ƙari, babu mai nuna masa hanya wajen cika takarda. Sai ya zaɓi aikin likita ko lauya a Jami'ar Ahmadu Bello domin su kaɗai ya taɓa ji, ya rasa, ya sake zaɓa baɗi, ya sake rasawa, daga nan ya haƙura, alhali ga gurabe a fannin noma da na koyarwa ba masu nema.

Wuri na huɗu kuwa, wanda ya fi sauran wuyar magani, shi ne darajar takarda a idon jama'a. Shekara da shekaru hukumar JAMB da shugabannin makarantu suna tsai da maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga kwalejojin ilmi da na kimiyya da fasaha, duk da haka kujerun ba su cika ba. Wannan ya isa ya nuna cewa sauke maki ba ya jawo ɗalibi. Saurayin da ya ga yayansa ya gama NCE yana zaune shekara biyar ba aiki, ko yana koyarwa a makarantar kuɗi a kan albashin da bai kai abin da mai sai da mazarƙwaila ke samu ba, ya riga ya yanke hukunci. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Sabanin haka, fannonin kiwon lafiya ba su rasa masu nema, domin iyaye suna ganin inda takardar ke kai mai ita. Jama'a ba su ƙi ilmi ba. Suna auna abin da za su kashe ne da abin da zai dawo.

Tarihi yana da darasi a nan. A farkon shekarun 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta ga 'yan Arewa ba su isa cika gurabenta ba, ba ta zauna jiran su ba. Ta kafa Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a a Zariya, ta ɗauko yara daga sakandarorin larduna ta gyara su, gwamnatocin jihohi kuma suka ɗauki nauyinsu. Da yawa daga cikin manyan ma'aikata da shaihunan malamai na Arewa ta wannan ƙofa suka bi. Abin da aka yi a wancan zamani da ƙarancin kuɗi da ƙarancin hanyoyin mota, ba zai gagara ba yanzu.

Saboda haka ya kamata manyan makarantun jiha su daina ɗaukar neman ɗalibai a matsayin ƙasƙanci. Kowace shekara, kafin a buɗe rajistar JAMB, jami'ansu su zagaya sakandarorin Makarfi da Ikara da Kudan, su zauna da 'yan ajin ƙarshe da iyayensu, tare da hakimai da dagatai da limamai, su bayyana fannonin da ke da gurabe, da abin da za a biya, da aikin da kowane fanni ke kaiwa. Su yarda a riƙa biyan kuɗin makaranta kashi-kashi, a daidaita shi da lokacin da manomi ke da abin hannu. Ƙananan hukumomi kuma su tanadi wurin koyon kwamfuta da azuzuwan bita ga waɗanda suka faɗi darasi ɗaya ko biyu, domin wannan ya fi rabon babura amfani.

Haka kuma akwai Asusun Ba Ɗalibai Rance na Tarayya, wanda ya soma karɓar masu nema a watan Mayu 2024. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Wannan bayani yana bukatar a kai shi ƙauyuka da Hausa, ta rediyo da bakin malamai, domin da yawa da sun ji kalmar rance sai su ja baya don tsoron riba ko tsoron a kama musu gona. Amma rance ba zai ɗauke wa Gwamnatin Jiha nauyin ba da sukolashif a kan kari ba, musamman ga 'yan mata da masu karatun malanta da noma. Sannan duk wanda aka horar a waɗannan fannoni, a tabbatar an ɗauke shi aiki a yankinsa idan da gurbi, domin malami ɗaya ɗan gari da ake biyansa albashi a kan lokaci ya fi kowace sanarwa jawo ɗalibai.

Dakatar da gina sababbin makarantu na shekara bakwai dama ce ta cika waɗanda ake da su. Idan aka bari wa'adin ya wuce ba a yi haka ba, asarar ba ta tsaya ga albashin da ake biya a azuzuwan da ba kowa ba. Kujerar da ta zauna wayam bana a Gidan Waya ko Zariya ko Makarfi, ita ce ajin firamare da zai rasa malami a Gubuchi nan da shekara huɗu, da ɗakin shan magani da zai rasa ungozoma, da gurbin aikin Tarayya na jihar da za a nemi wanda ya cancanta a rasa. Hukumomin ilmi na da sauran lokaci, amma rajistar kowace shekara da ta wuce tana tafiya ne da 'yan ajin da ba za su sake dawowa neman gurbi ba.