Zauren 'Yan Mata: Wa Zai Rubuta Labarin Tashar Jirgin Gusau?

Yau ƙorafi nake tafe da shi, kuma a kanmu ne mu marubuta.

Ki ɗauki littafin soyayya goma, tara a ciki a filin jirgin sama ake rabuwa. Alhaji matashi zai tafi Ingila, ita kuma tana sharɓar kuka cikin Marsandi. Haba jama'a! Mu nawa ne a Tudun Wada muka taɓa raka wani filin jirgin sama? Alhali ga tashar jirgin ƙasa nan cikin garinmu Gusau, ba wadda ta taɓa waiwayarta.

A 1927 layin dogo ya iso Gusau daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe, a 1929 ya dangana da Ƙauran Namoda. Turawa ba don Allah suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga suke so a kwashe musu zuwa bakin teku. Amma jirgin da ya tafi da buhuna shi ya dawo da mutane, Yarbawa da Inyamurai da fatake, har gari ya cika ya batse, ya zama babban birnin Zamfara a 1996.

Ke dai ki zauna da kakarki ki tambaye ta. A tashar nan aka sha kai amare, da adudu da kwalla da tabarmi, gwaggo na riƙe da hannun yarinya, ita kuwa ta lulluɓe fuska ba ta san ranar dawowa ba. Babu waya, sai wasiƙa, ita ma sai an nemo ɗan makaranta ya karanta, ya ji duk sirrinki. Idan jirgi ya yi kuka ya ja, shi ke nan, uwa ta koma gida da zani jiƙe da hawaye. Wallahi wannan ya fi kukan cikin Marsandi taɓa zuciya.

Yanzu jirgin fasinja ya zama labari. Ɗalibar da za ta Zariya karatu sai mota, iyaye na ta addu'a saboda masu satar mutane a hanyar Tsafe, ba sa runtsawa sai ta kira ta ce ta sauka. Tsofaffin da suka hau jirgin kuwa kullum raguwa suke.

Duk wadda kakarta ta ba ta labari, ta rubuto mini, zan buga a nan ba tare da suna ba. Sai fitowa ta gaba.