Agogon nutso na miliyan shida da rabi: me ake saye a cikinsa?

Yau maganar agogo za mu yi, agogon hannu irin wanda ake kira na masu nutso cikin teku. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba: mai kauri, mai nauyi, da zobe baƙi ko kore ko shuɗi kewaye da gilashin. Shi ne ya cika hotunan Facebook da TikTok, a hannun ƴan ƙwallo da mawaƙa, da ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai, da samarin da suka samu buɗi a wuraren haƙar zinariya. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Rolex Submariner. Na ƙarfe zalla, wanda babu ko ɗigon zinariya a jikinsa, kuɗinsa a kantin wakilin kamfanin a Turai yana kewayen yuro 10,000. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan miliyan shida da rabi har da ɗoriya. Ma'aikacin da ke ɗaukar mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan, jika 42 a wata, sai ya yi shekara 13 bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin.

To, ya ci kuɗinsa? Mu dai a ganinmu agogon na ƙwarai ne, wannan babu gardama. Sai dai hujjojin da ake kawowa don a sa mutum ya saye shi, yawancinsu ba su tsayawa in an bi su da lissafi, musamman a nan wajenmu.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. Ba don ado aka ƙirƙiro shi ba. A 1953 kamfanin Blancpain na ƙasar Suwis ya fitar da Fifty Fathoms tare da shawarar sojojin ruwan Faransa masu aiki ƙarƙashin teku, kuma a daidai lokacin Rolex ya ƙera nasa Submariner mai jure zurfin mita 100. A wancan zamani mai nutso yana sauka da tukunyar iska a bayansa, abin da zai gaya masa minti nawa ya yi a ƙasa kuwa agogon hannunsa ne kaɗai. Zoben nan da samari ke juyawa suna jin daɗin ƙararsa, aikinsa ke nan: kafin ka nutse ka daidaita alamarsa da dogon hannun agogo, daga nan kana ganin mintocin da suka wuce. Na zamani an yi shi ya juya gefe ɗaya tak, don in ya goga da dutse ya motsa, ya nuna maka ka daɗe fiye da yadda ka daɗe, ka fito da wuri da sauran iskarka. Maɓallin gefe kuma murɗa shi ake yi ya kulle kamar murfin kwalba, ga zobban roba a ciki masu tare ruwa, ga lambobi masu haske cikin duhu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an sa shi ne don ran mutum. A Janairun 1960, lokacin da Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka da jirgin Trieste wuri mafi zurfi a tekun duniya, kusan mita 11,000, an ɗaura wani Rolex na gwaji a jikin jirgin ta waje, ya je ya dawo yana tafiya. Wannan tarihi gaskiya ne, kuma kamfanin yana cin moriyarsa har gobe.

Amma aikin ya bar hannunsa tuntuni. Tun shekarun 1980 masu nutso suka koma ga ƴar kwamfutar hannu, wadda ke auna zurfi, ta lissafa lokaci, ta ce maka tsaya nan minti kaza kafin ka ƙara hawa, abin da babu agogon sifirin da zai iya. Masu nutson shaƙatawa iyakarsu mita 40. Mutumin da ya kafa tarihin zurfi da tukunyar iska, Ahmed Gabr ɗan Masar, mita 332 ya kai a Bahar Maliya a 2014, saukar minti kaɗan ce amma hawowar ta ci masa sa'o'i fiye da goma. Submariner na yau an rubuta masa mita 300. Wa zai kai shi can? Mu kuwa da ba mu da teku, ruwan da zai taɓa agogonmu na butar alwala ne, sai na damina in ya kama mu a kan moto, sai wanka. Ko masuntan kogin Isa da na tabkin Madarunfa, waɗanda ruwa ne ofishinsu, ba su taɓa buƙatar mita 300 ba.

In jure ruwa ake so, an daɗe da samun sa da araha. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6425 da ta ce kafin a rubuta wa agogo cewa na nutso ne sai ya jure aƙalla mita 100, a kuma gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100. Seiko da Citizen na Japan suna sayar da masu cika wannan sharaɗi, na mita 200, a kan yuro ɗari kaɗan. Casio ma yana da wani mai mita 200 da bai kai dalar Amurka 100 ba, kuma an sha ganin irinsa a hannun Bill Gates, wanda dai ba rashin kuɗi ya hana shi sayen Rolex ba.

Maganar riƙe lokaci ta fi ban dariya. Rolex ya yi alkawarin agogonsa ba zai wuce ko ya gaza da fiye da daƙiƙa 2 a rana ba. Ga agogon da sifirin da ƙananan haƙora ke tafiyar da shi, wannan gwaninta ce babba. Amma daƙiƙa 2 a rana minti ɗaya ne a wata. Ɗan ƙaramin Casio F-91W na roba, mai pil, wanda ya fito tun 1989, wanda ƴan lakkol ke ɗaurawa, nasa alkawarin daƙiƙa 30 ne a wata. Kuma Submariner motsin hannu ke ba shi ƙarfi, in ka tuɓe shi ka ajiye kwana uku sai ka tarar ya tsaya, sai ka duba wayarka ka gyara shi.

To kuɗin na mene ne? Wani kaso na aiki ne, mu faɗi gaskiya. Ƙarfen mai kyau ne, ba ya tsatsa da sauƙi, zoben na wani tangaram ne mai tauri da rana ba ta kashe masa launi, injin ciki ƙananan sassa ne masu yawa da ƙwararru ke haɗawa, kuma in an kula da shi jika zai gaje shi yana tafiya. Sauran kason kuwa, kuma mu muna ganin shi ne babba, suna ne. A Disamban 1969 Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai pil irin na quartz, cikin shekara goma sha biyar masana'antar Suwis ta kusa durƙushewa, ma'aikatanta suka faɗo daga kusan 90,000 zuwa kewayen 30,000. Waɗanda suka tsira sun gane ba za su iya gasa da Japan wajen daidaiton lokaci da araha ba, sai suka koma sayar da matsayi. Rolex yana manne da gasar tanis ta Wimbledon tun 1978, yana biyan irin su Roger Federer. James Bond ya ɗaura Submariner a fim ɗinsa na farko a 1962, tun 1995 kuma Omega ke hannunsa. Kuɗin tallan nan ba daga sama yake faɗowa ba, yana cikin miliyan shida da rabin.

Hujjar da ta fi damunmu ita ce wadda ta fara yawo a bakin samari, wai agogo ajiya ce, kamar zinariya, gobe ma ya fi yau tsada. Ga inda maganar ta samo asali. Ana ƙiyasta Rolex yana ƙera agogo kusan miliyan ɗaya a shekara, amma masu nema sun fi haka, don haka a kantin wakili ba ka shiga ka ɗauka, sai dai a rubuta sunanka ka jira. Daga 2020 zuwa farkon 2022 farashin na hannu ya yi tashin da ba a saba gani ba, mutane suna saye yau su sayar gobe da riba. Daga nan ya juyo, ya yi fiye da shekara biyu yana sauka, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara. Wannan ma Rolex ke nan da wasu kamfanoni biyu ko uku. Yawancin sauran agogunan tsada, kana fita da su daga kanti sun rage daraja, kamar sabuwar mota.

Mu ɗauka ma farashin bai sauka ba. A ina za ka sayar? Ajiya ita ce abin da za ka mayar kuɗi ranar da matsala ta buga ƙofa, ranar da likita ya ce sai an yi aiki, ko kaya suka maƙale a duwan. Matar da ke da sarƙar zinariya ta kai wa maƙeri, ya gwada, ya ɗora bisa sikeli, ya biya ta da farashin giram na ranar. Mai sa ya kora shi kasuwa, dillalai su taya, kafin la'asar kuɗi na aljihu. Mai fili ya san maƙwabta ma za su yi rububi. Agogo ba shi da sikeli. Ɗauki Submariner ɗinka na gaske ka zagaya babbar kasuwar Maradi ko Dole ta Damagaram ka ce miliyan shida, ka ji amsar da za a ba ka. Ba don babu masu kuɗin ba, akwai su. Wanda zai tabbatar musu da cewa na asali ne shi ne babu. Darajar agogon tana Jeneba da Dubai da Hong Kong, inda ake da masu buɗe shi su duba, da masu saye da ke jiran sa. Kai da ke nan, sai ka biya kuɗin jirgi kafin ka isa inda dukiyarka take da farashi.

Jabu kuwa ya kai inda ya kai. Ƙungiyar masu ƙera agogo ta Suwis ta daɗe tana kukan cewa na bogi da ake ƙerawa duk shekara sun fi na asali yawa. Da can ana gane shi da rashin nauyi, ko hannun daƙiƙa mai tsalle. Na yanzu, masu tsadar cikinsu, har injin ake kwaikwaya, sai gwani ya buɗe baya ya sa madubi. Wannan ya haifar da wani abu da ya kamata mai neman girma da agogo ya yi tunani a kai. In babban Alhajin da kowa ya san tireloli nasa ya ɗaura na jika 15, babu mai shakka, kowa zai ce ai Rolex ne. In saurayin da jiya aka san shi yana kabu-kabu ya ɗaura na gasken, da rasit da kwali, abokansa za su ce kai wane, a ina ka samo wannan ɗan Cana mai kyau haka? A garin da kowa ya san gidan kowa, hannun ake dubawa kafin agogon. Ke nan ko matsayin da aka biya miliyoyi dominsa, a nan ba ya isowa cikakke.

Ga kuma ɗawainiya, wadda mai talla ba ya faɗa. Kamfanin da kansa ya ce a kai agogon a yi masa wankin inji kusan duk shekara goma, a canza mai da robobi, aikin da ke cin yuro ɗaruruwa. Robar nan da ke tare ruwa tana bushewa da tsufa, zafinmu na Afrilu da ƙurar hunturu kuma ba taimakonta suke ba. Masu gyaran agogonmu na bakin kasuwa akwai gwanaye a cikinsu, wallahi wasu da ido ɗaya da ɗan hantsaki suke tayar da agogon da aka fid da rai da shi. Amma kamfanin ba ya sayar da kayan gyaransa sai ga waɗanda ya amince da su, kuma injin gwada matsin ruwa ba kowane teburi ke da shi ba. Ranar da aka buɗe bayan agogon a ƙarƙashin bishiya, mita 300 ɗin nan ta zama rubutu kawai, darajarsa wajen mai saye na waje ma ta faɗi. Sai dai a aika shi Legas ko Dubai ko Paris a hannun wani, kana addu'a ya dawo.

Ba muna lissafa wa kowa aljihunsa ba ne. Mutanenmu sun san kashe kuɗi a kan abin da rai ke so tun kafin a san Suwis: doki da kayan hawansa na sallah, babbar riga mai aikin hannu da ake wata da watanni ana ɗinki, shadda Getzner ta biki. Wanda ya ɗinka riga ta miliyan bai taɓa ce wa iyalinsa ajiya ya yi musu ba, ya san kwalliya ya saya, kuma da rarar kuɗi ya saya. Wanda gidansa ya tsaya, ba a bin sa bashi, yana sha'awar yadda ƙananan haƙoran ƙarfe ke tafiya shekara hamsin babu pil, yana kuma zuwa inda zai saya a hannun wakili da takardunsa, wannan agogon ya ci kuɗinsa a wajensa, ya more. Sai dai ya tsaya a na ƙarfe, don na zinariyar malamai suna da magana a kansa ga ɗa namiji. Wanda muke ji wa tsoro shi ne yaron da ya sha wuyar Jado ko Cibarkaten ya dawo da miliyan goma, karon farko a rayuwarsa, aka ce masa ya zuba fiye da rabi a hannu wai kuɗin na nan ba su tafi ba.

Shi wannan yaron ne kuma ake turo wa hoto ta WhatsApp: ga Submariner sabo fil da kwalinsa, mai shi yana cikin matsi, miliyan ɗaya da rabi ya sallama. Agogon da mutane ke jira a layi su biya cikakken kuɗinsa, babu mai matsin da zai sayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, tun da dillalin farko da ya shiga a Dubai zai ba shi ninkin haka nan take. Za a nuna maka katin garanti, a ce duba lambarsa ta yi daidai da wadda aka zana a zoben ciki wajen ƙarfe shida. Masu jabun suna buga katin, suna zana lambar, kwalin ma a kasuwa ake sayar da shi daban.