Kafin a sauke giyabos: nasiha ga masu a-kori-kura a ƙasar Funtua da Malumfashi

 Yau za mu ɗan jingine siyasa mu leƙa gareji, domin akwai wata asara da ke cin dukiyar manomanmu a ɓoye.

Daga watan Agusta da ruwa ke kai maƙura har zuwa ƙarshen kaka, motocin a-kori-kura ba sa hutawa a kudancin Jihar Katsina. Su ke kai taki ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur, su ke kwaso masara da dawa da waken soya zuwa kasuwannin Funtua da Ɗandume. A da, wannan aiki na Fijo 404 da 504 ne, waɗanda ake harhaɗawa a kamfanin Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975, kuma giyarsu ta hannu ce da kowane bakanike ya san ciki da wajenta. Yanzu Hilux da 'yan uwanta sun karɓi fage, kuma masu giyar otomatik na ƙaruwa a cikinsu. Ƙorafin masu su kusan iri ɗaya ne: mota ta shiga daji lafiya, ta fito tana fizga, ko tana jinkirin canza giya, ko ta maƙale a giya guda. Ana isa gareji sai a yanke hukuncin sauke giyabos, wato akwatin giya.

Ra'ayina shi ne, sauke giyabos shi ya kamata ya zama mataki na ƙarshe. Sau da yawa cutar tana wajen akwatin, kuma ana iya gano ta da ido da hanci da ɗan haƙuri.

Giyar otomatik da mai take rayuwa. Man giya ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa shi, shi ke matse faya-fayen kuloci na ciki idan za a canza giya, shi ne kuma ke kwashe zafi. Wata 'yar kwamfuta ce ke ba da umarnin canjin, bisa bayanan da ƙananan na'urori da ake kira sensa ke aiko mata ta wayoyi. Don haka duk abin da ya taɓa man, ko sanyayarsa, ko wayoyin, zai bayyana tamkar giyar ce ta lalace. Hanyar daji kuwa tana taɓa duka ukun.

Abu na farko da za a duba ba ya cin ko sisi. Mai mota ya tabbatar ya fitar da ita daga ƙaramar giyar daji, wadda aka rubuta wa L4. Idan aka hau kwalta a haka, inji zai yi ta ihu, mota na rarrafe, giya na canzawa da ƙarfi. Maganinsa a tsaya cik, a sa giya a N, a mayar da ita H2.

Na biyu, a duba fitilun gaban direba. A motocin Toyota akwai fitilar da ke nuna man giya ya yi zafi. A ƙa'ida, man yana aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin Salshiyos, amma motar da ta kafe a laka, direba na taka totur, yana kai giya gaba yana mayar da ita baya, tana iya dafa man cikin ɗan lokaci. Idan fitilar ta kama, a tsaya, a sa giya a P, a bar inji yana aiki a hankali har ta mutu. Daga nan a wanke lagireto, domin taɓon da ya bushe a jikinsa yana toshe iska, kuma ta nan ne man giya ke samun sanyi.

Na uku, a duba man kansa. Lafiyayyen man giya ja ne garai-garai. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya cinye shi. Idan kuma ya koma kamar an zuba masa madara, to ruwa ya shiga. Akwai 'yar kafar numfashi a saman giyabos. Idan akwatin yana da zafi aka tsunduma shi cikin rafi, sai ya huce nan take ya zuƙi ruwa ta wannan kafa. Lagireton da ya fashe ta ciki ma yakan haɗa ruwa da man. A nan babu sassauci, kada a ƙara tuƙa motar, domin ruwa yana ɓamɓare fatar da ke jikin faya-fayen kuloci. Wanda ya ce bari ya lallaɓa daga Malumfashi zuwa Funtua, yana iya mayar da aikin canjin mai ya zama sayen wani giyabos. Sauri ya haifi nawa.

Na huɗu, a shiga ƙarƙashin motar da fitila. A duba ko dutse ya lotsa kaskon man yana yoyo, ko kututture ya tsinka waya, ko laka ta cika soket, ko wayar da ta haɗa sandar giya da akwatin ta goce. Idan kwamfuta ta daina jin bayanin sensa, takan kulle motar a giya guda don ta kare akwatin daga lalacewa. Wannan kullewa kariya ce, amma ita ce ta fi tsorata masu mota har su amince a buɗe musu giyabos mai lafiya.

Na biyar, a jona na'urar gwaji. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can soket na bai ɗaya mai baki 16, kuma yawancin motocin zamani suna da shi a ƙasan sitiyari. Lambobin da suka fara da P07 na ɓangaren giya ne, kuma sukan nuna ko sensa ce, ko waya, ko bawul. A rubuta lambar kafin a goge ta. Sai an bi waɗannan matakai duka, cutar ba ta bayyana ba, sannan a yi maganar kwance akwati.

Akwai kuma ɓarnar da ke biyo bayan lalacewar. Ba a tura motar otomatik don ta tashi. Ba a kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta na ƙasa, domin famfon man giya sai inji na aiki yake juyawa. Ko dai a ɗora ta a babbar mota, ko a kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Haka nan ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota tana da nau'in T-IV na tsofaffin motoci da WS na sababbi, kuma da yawa daga sababbin ba su da sandar awon mai, sai an auna a wani ƙayyadadden zafi. Zuba mai na gwangwanin da ba a san asalinsa ba, araha ce da ba ta ado.

Masu mota ma suna da nasu laifin. Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan guda, wato buhu goma masu kilo 100. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa na son ya rage sawu, sai a lafta mata ninkin haka a kuma tura ta cikin fadama. Abin da aka rage a gidan mai, a gareji za a biya shi. Ga kuma abin da ya fi kuɗi: a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda rashin tsaro ya addabi jama'a, motar da ta mutu a hanyar daji bayan la'asar rayukan da ke cikinta ta jefa cikin haɗari.

Kanikawanmu mutane ne masu basira, sai dai mafi yawansu a kan giyar hannu suka koyi sana'a. Ina kira ga ƙungiyarsu ta NATA da Gwamnatin Jihar Katsina da su shirya musu horo kan giyar otomatik da na'urar gwaji, a Funtua da Malumfashi, kusa da inda aikin yake. Kai kuma mai mota, kafin ka amince a ɗaga maka giyabos, ka nemi a nuna maka launin man da lambar da na'ura ta bayar. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.