Maganin maƙoƙo ba maganin ƙiba ba ne

A gidajen biki daga Boɗinga zuwa Shagari, ina jin mata suna ba juna shawara cewa mai son rage ƙiba ta ƙara ƙwayar maganin maƙoƙo. Ni da nake shan maganin nan, Levothyroxine, kullum safe, ina roƙon 'yan'uwana mu bar wannan ganganci.

Idan ƙululun wuya, wanda kumburinsa ne maƙoƙo, ya yi sanyin aiki, jiki kan ƙara nauyi, amma yawanci kilo 2 zuwa 5 ne, akasarinsa ruwa da gishiri. Wuce ƙa'idar magani kuwa bugun zuciya yake jawowa, ya raunana ƙashi.

A sha shi da ruwa zalla, rabin sa'a kafin karin kumallo. Awara da maganin ƙarin jini suna rage shigarsa jiki, a ba su tazarar sa'a 4. Gwajin jini na TSH, mako 6 zuwa 8 bayan canza awo, shi ke nuna ko ya yi daidai.

Sauran aikin rage ƙiba namu ne: rage malmalar tuwo da sukarin fura, yawaita zogale da wake, tafiyar ƙafa da yamma. Gwamnatin jiha kuma ta kusanto mana da gwajin nan, domin kuɗin mota zuwa Sakkwato kan sa talaka ya haƙura.